Kwalbar Sidi 390 da Ƙwaryar Man Kaɗanya

A ƙarshen shekarar 2022 na shiga wani shagon kayan shafa a Adum, nan cikin Kumasi, in sayi man da na yi shekara shida ina shafawa a fuska. Yarinyar shagon ta faɗi kuɗin, na ce ta maimaita. Ta maimaita. Abin da na saba saye sidi 140 ya koma 390. Ban yi mata faɗa ba, don ni ma 'yar kasuwa ce, na san abin da ake ciki. A farkon shekarar dala ɗaya sidi shida ce da 'yan kai, kafin Nuwamba ta ƙare ta haura goma sha huɗu, a Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100. Duk abin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, da dala ake biyansa. Na ajiye kwalbar na ce sai na dawo. Duk mai saye da sayarwa ya san abin da wannan maganar take nufi.

Atamfa da mayafai nake sayarwa a Kejetia. A daren nan na ɗauko littafin da nake rubuta bashi, na buɗe bayansa, na fara lissafin abin da ni da 'ya'yana mata biyu muke kashewa a mai, sabulu, hoda da jan baki. Da na haɗa na wata uku sai jikina ya yi sanyi, domin kuɗin ya isa in saro turamen atamfa masu kyau da dama. Abin da ya fi damuna shi ne ban taɓa ware wa kwalliya kuɗi ba. Daga aljihun ciniki nake zara, yau ashirin, jibi hamsin, wato jarina nake shafawa a fuska ban sani ba. Ga shi kuma bikin babbar 'yata saura wata takwas.

Mu da ke zaune a ƙasar wasu muna da wani nauyi da ba a cika faɗa ba. In kin je gida ganin dangi, kafin a tambaye ki lafiyar yara an riga an ƙare wa fatarki kallo. In kin yi fes, a ce Gana ta karɓe ki. In kin yi duhu, a fara raɗa cewa kasuwa ta karye. Mata da yawa don wannan kallon suke sayen abin da ya fi ƙarfinsu. Ni ma ina cikinsu.

Ƙaramar 'yata ce ta fara buɗe mini ido. Ta ɗauki tsohuwar kwalbar ta juya bayanta, ta ce, "Umma, kin san ana jera kayan haɗin ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci?" Na farko an rubuta Aqua. Ta ce ruwa ke nan. Na biyu gilisarin, wanda ake sayarwa a kowane kemis. Can gaba kaɗan ga wani dogon suna, Butyrospermum Parkii. Ta duba a wayarta, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Man kaɗanya ne. Ƙarshen sunan ma daga Mungo Park aka samo shi, Baturen nan ɗan Sikotlan da ya yi yawo a Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 18 ya ba da labarin itacen. Inna, surukata, tana zaune a tabarma tana jan carbi, ta ɗago ta ce, "Ashe abin da muke shafa wa jarirai ne ya je Turai ya dawo da takalmi."

Ba zan ce mai tsadar yaudara ba ce. An tace shi, ba ya nauyi a fuska, ƙamshinsa mai daɗi ne, kuma an sa masa abin da ke hana shi lalacewa. Amma babban aikin yawancin man shafawa guda ɗaya ne: ya riƙe ruwa a cikin fata kada ta bushe. Wannan aikin man kaɗanya yana yinsa, gilisarin yana yinsa, basilin ma yana yinsa. Ragowar kuɗin na kwalba ne da talla da jirgi da kwastan.

Ga mu kuwa a ƙasar kaɗanya. Daga Tamale, Wa da Bolgatanga ake kawo man cikin manyan ƙwarya, Asantawa suna kiransa nkuto. Itacen a daji yake fitowa, tun daga Senegal har Sudan, yakan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, kuma mata ne ke tsintar ƙwallon da damina su daka, su soya, su niƙa, su cuɗa da hannu har man ya taso. Mafi yawan wanda ake fitarwa waje ma ba shafawa ake yi ba, masu yin cakulan ne ke saye.

Sayensa yana son ido, kamar sayen atamfa. Ki lakato kaɗan ki murza a bayan hannu. Mai kyau yana narkewa nan take, ba ya barin tsakuwa-tsakuwa, kuma yana ɗan ƙamshin hayaƙi da gyaɗa. In kin ji yana tsami ko warin tsohon mai, ya kwana biyu, ki wuce. Launi ba shi ne shaida ba, domin akwai fari-fari, akwai wanda ake sa wa saiwar itace ya yi rawaya. Ni wurin mace ɗaya nake saye, wadda na san daga inda take sarowa. In na kawo gida ba na ɗora shi kai tsaye a wuta. Nakan sa shi a kwano, in ɗora kwanon cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke, in tace da tsumma mai tsabta, in zuba man zaitun cokali biyu ko uku, in bar shi ya fara daskarewa sannan in buga da muciya ƙarama har ya yi laushi kamar man shanu. Kada ɗigon ruwa ya shiga, shi ke sa ya yi funfuna. A shafa shi da an fito wanka, jiki da sauran danshi. A busasshiyar fata maiƙo kawai zai yi, sai ki ce bai karɓe ki ba.

Wani abu da na koya da wuya: abin da ya yi wa uwa ba lallai ya yi wa 'ya ba. Na taɓa haɗa shi da man kwakwa, ni ya yi mini daidai, amma ƙaramar 'yata fuskarta ta feso da ƙuraje cikin mako biyu, don fatarta mai maiƙo ce. Yanzu ita gilisarin take ɗigawa a tafin hannu ta sirka da ruwa ta shafa, shi ke nan. Yanayin gari ma yana da nasa. Kumasi gari ne mai laima, in ba lokacin hunturu ba ɗan kaɗan ya isa. Wadda ke zaune a Yamai ko Garwa ko Njamena za ta buƙaci fiye da haka. Faso da kaushi kuwa, ban ga abin da ya kai basilin da safa da daddare ba.

Sabulu bai ba ni wahala ba. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a nan, da tokar ɓawon koko ko na ayaba da man kwakwar manja ake yinsa. Abin dariya, a Kano in na je har saƙonsa ake ba ni, wai sabulun Gana, ni kuwa ina nan ina sayen na kwali. Sai dai yana da kaifi. Kada ki goga shi kai tsaye a fuska, ki yi kumfa a hannu tukuna, kuma sau ɗaya a rana ya isa. In fuskar ta fara ɗaurewa ko tana zafi, ki rage. Kuma ki sayi tsurarsa, ba wanda aka kwaɓa da abin da ba ki sani ba.

A nan ne maganar take da nauyi, domin neman araha yana da nasa ramin, kuma ya fi na tsada zurfi. Lokacin da kaya suka tashi, masu haɗi suka cika zango. Roba ce ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar hukuma, a ce miki "kwana bakwai ki ga haske". Wata maƙwabciyata a kasuwa, mace mai kirki da muke adashe tare, ta koma irin wannan don ya fi wanda take saye araha nesa ba kusa ba. Watannin farko kowa na yaba ta. Kafin shekara ta zagayo kumatunta sun yi baƙi kamar an ƙona, gaɓoɓin yatsunta sun yi duhu, nankarwa ta fito mata a damtse, jijiyoyi kore-kore suna nunawa. Ƙaramin ƙarfe ya karce ta a ƙafa, ciwon ya yi wata biyu bai rufe ba. Da ta je asibiti likita ya ce mata maganin kumburin fata mai ƙarfi ne aka zuba a ciki, irin su clobetasol, wanda ba a shafawa sai da umarnin likita kuma na ɗan lokaci. Shi ke sa fata ta yi siriri ta kasa kare kanta. Abin da ta kashe a magani ya ninka abin da ta yi tattali, har sai da ta nemi a ba ta kwasar adashe kafin layinta.

Abubuwa uku ne aka fi samu a irin waɗannan mayukan na bilicin: wannan da na ambata, sai hydroquinone, wanda in an daɗe ana shafawa yake jawo baƙin tabon da ba ya fita, sai kuma sinadarin mercury mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda yake iya kaiwa ga jaririn da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayukan a 2015, Gana ma ta hana sa hydroquinone a kayan shafa tun 2016. Amma mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa doka daban, abin da ke ƙarƙashin tebur daban. In kina sayar da kayan shafa, 'yar'uwa, ki ji tsoron Allah a kan abin da ba za ki shafa wa 'yarki ba.

Kada kuma a ɗauka duk abin gargajiya lafiya ne. Matse lemon tsami a fuska a fita rana yana ƙona fata ya bar tabo. Kanwa da man goge baki da ake ɗorawa a ƙuraje su ma haka. Wanda ya fi yi mini wuyar karɓa shi ne kwalli. Da shi aka raine mu, kuma babu abin da ya kai shi araha. Amma yawancin dutsen kwalli mai ƙyalƙyali da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano daga kwallin da ake sa masa ne, wanda sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Mun kai ruwa rana da Inna a kan wannan. Ta ce ita da shi ta tsufa kuma idonta garau. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, naki na bar miki, amma ban da jikoki." Ba ta ce ta yarda ba, amma tandun ya daina fitowa in an kawo jariri.

A kayan kwalliyar fuska ba ni da dogon bayani. Na daina sayen manyan faifan nan masu launi ashirin da ake amfani da uku a bar sauran su bushe. Hoda ɗaya mai kyau wadda ta dace da launina, jan baki biyu, gazal da jagira, sun ishe ni, kuma ɗigon jan baki a kumatu yana yin aikin da ake sayen wani abu daban dominsa. Abin da ke kusa da ido ba na neman araharsa kuma ba na aro. Sunan kamfanin da kika sani a rabin kuɗinsa, a kan tire a bakin tasha, jabu ne, ba sai an gwada ba. Ki duba lambar FDA in a Gana kike, ko ta NAFDAC in kayan Najeriya ne. Akwai kuma ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani a bayan kwalba da aka rubuta 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Sannan mai zama a rana tun safe har la'asar, babbar lema a kan teburinta ta fi mata kowane man goge tabo amfani, domin rana ce ke ƙara wa tabo duhu.

Da biki ya matso, mai gyaran jiki ta yanka mana kuɗin da ya kai na buhun shinkafa da ɗoriya. Sai wata ƙawata, mutuniyar Maiduguri da ke aure a Aboabo, ta ce mu bar mata. Ta haɗa dilka irin ta mutanen Sudan da Chadi, ƙullun garin dawa da ake turarawa da itace mai ƙamshi, ta dafa halawa da sukari da lemon tsami da ruwa, muka sayo kurkum da lalle a kasuwa. Sharaɗi ɗaya na kafa: jan lalle kawai, ban da baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi, don na ga amaryar da hannunta ya tashi ya yi ruwa ana gobe ɗaurin aure. Komai kuma sai da muka gwada a ɗan wuri a damtsenta, muka jira kwana biyu.

Ranar kamu, wata gwaggon ango da ta zo daga Legas ta riƙe hannun amarya tana juyawa, ta jawo ni gefe ta ce, "Hajiya, don Allah wane mai kuke saya mata? Na Dubai ne?" Na ce ta bari sai za ta tafi. Da suka tashi komawa na cika mata robar man kaɗanya guda, na ɗaure da leda biyu don kada ya narke mata a jaka kafin su kai Aflao.