Magani ko Jinya? Shari'ar Vincent Lambert a Faransa

A Hausa mukan bambanta magani da jinya. Magani yaƙar cuta yake yi. Jinya kuwa kula da maras lafiya ce: a ciyar da shi, a wanke shi, a juya shi a kan gado. In likita ya ce magani ya daina amfani, ba ya nufin a daina jinya. To amma ciyar da mutum ta bututu fa, wanne ne daga ciki?

Wannan tambaya ce ta raba iyalin Vincent Lambert. Shi kansa ma'aikacin jinya ne, ya yi haɗari a hanya a 2008, ƙwaƙwalwarsa ta sami mummunan rauni. Yana numfashi da kansa, yana buɗe ido, amma abinci da ruwa sai ta bututu.

Tun 2005 dokar Leonetti ta hana likitocin Faransa nacewa kan maganin da ba ya tsinana komai sai jan rai. Da ita likitocin asibitin Reims suka dogara, suka tsayar da ciyarwar a 2013. Matarsa ta amince, ta ce ya sha gaya mata ba ya son rayuwa irin wannan, sai dai bai bar komai a rubuce ba. Iyayensa, ƴan Katolika masu riƙo da addini, suka kai ƙara. A ganinsu ɗansu naƙasasshe ne, ba mai gargara ba, hana shi abinci kuwa kisa ne. Kotu ta sa aka mayar da ciyarwar.

A nan ya kamata ɗalibi ya lura da furucin "maras amfani". Amfani ga me? Bututun yana aikinsa sarai, tunda yana riƙe da rai. Abin da ba ya iyawa shi ne dawo da hayyaci. Ƙwararrun da kotu ta naɗa a 2014 sun ce raunin ba ya warkewa, wannan kuwa huruminsu ne. Amma ko irin wannan rayuwa ta cancanci a ci gaba da riƙe ta, a ganina, ba na'urar da za ta auna.

Kotun ƙolin harkokin mulki ta Faransa ta goyi bayan likitoci a 2014, Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ma haka a 2015. Wata doka ta 2016 ta fayyace cewa ciyarwa ta bututu magani ce, ana iya tsayar da ita. Duk da haka shari'a ba ta ƙare ba sai 2019. An tsayar da ciyarwar ranar 2 ga Yuli, ya rasu ranar 11.