Ko Kun Sani? Tsawa Ba Ta Hana Kare Yi Wa Baƙo Haushi

Ko kun san tsawar da maigida ke daka wa karensa idan ya yi wa baƙo haushi ƙara zuga shi take yi? A kunnen kare, taya shi haushin ake yi. A gidajen haya na Adjamé da Treichville a Abidjan, inda iyalai da dama ke tarayya a tsakar gida ɗaya, sallama ba ta yankewa. Karen da aka ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa ya fi zafi, domin ba shi da wurin ja da baya. Sau da yawa tsoro ne ke cinsa.

Kwikwiyo yakan saba da mutane tsakanin mako 3 zuwa 14 da haihuwa, amma babba ma yana koyo. Idan baƙo ya zo, a ja karen nesa da ƙofa, da zarar ya yi shiru a jefa masa guntun nama, baƙo kuma kada ya zura masa ido. Dukan kare zalunci ne, ba ya magani.

Idan ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya cibiyar rigakafin ciwon haukan kare ta hukumar tsaftar jama'a ta ƙasa (INHP) da ke Treichville.