Rashi Iri Biyu: Abin da Mata Suka Sha Lokacin Korona

'Yan'uwa manoma, rashi iri biyu ne. Akwai wanda ciki ke ji, watau babu hatsi a rumbu. Akwai kuma wanda zuciya ke ji, sa'ad da mutum ya ga na kusa da shi ya samu abin da shi ma ya cancanta, shi kuwa an tsallake shi. Na biyun nan za mu duba.

Wani masani Ba'amurke, Samuel Stouffer, ya binciki sojojin ƙasarsu a Yaƙin Duniya na Biyu, aka buga binciken a 1949. Ya tarar sojojin sama, inda ake yawan ƙarin girma, sun fi gunaguni a kansa bisa ga 'yan sandan soja, inda ba a cika yi ba. Dalili kuwa, kowa da tsararsa yake gwada kansa.

Mu ma mun ga irin wannan a gida. An tabbatar da cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A ƙarshen Maris aka hana fita a Legas da Ogun da Abuja, Kano ta biyo baya cikin Afrilu. Aka rufe makarantu, aka taƙaita cin kasuwa.

To, ku dubi mai tuyar ƙosai ko mai ƙuli-ƙuli. Cinikin yau shi ne cefanen gobe. Da ciniki ya tsaya, sai ta ci jarinta, zubin adashi ya gagara. Ga yara a gida wuni zubur, ga jinya, ga ƙarin ɗibar ruwa domin wanke hannu. Amma maƙwabciyarta, matar mai albashi, tukunyarta ba ta sauka ba. In kuma an zo rabon tallafi aka rubuta sunayen masu gida kaɗai, gwauruwa sai kallo. Ga yunwa, ga takaici.

Takaicin nan ba hassada ba ce kawai. Yana hana barci, yana kawo zargi, yana sa mace ta janye jiki daga ƙungiya. In ya taru kuma yakan fashe: cikin Oktoba 2020 jama'a suka fasa ɗakunan ajiyar kayan tallafi a Bukuru kusa da Jos, da Kaduna, da wasu garuruwa.

Saboda haka, tun annoba ko fari bai sake zuwa ba, kowace ƙungiya ta shirya:

1. A rubuta kowace mace da sunanta, ba a ƙarƙashin na mijinta ba.
2. A yi rabon taki da iri da bashi a gaban kowa, a faɗi ƙa'idar tun da fari.
3. A sa mata cikin masu rabo.
4. A ware 'yan buhuna da kaka domin ranta wa wadda jarinta ya karye.

Kaɗan da aka raba a fili ya fi mai yawa da aka raba a ɓoye kwantar da rai. Ku tattauna wannan a taronku na gaba.