Mazan Jiya Na Ƙarewa, Labarinsu Na Binsu Kabari

Duk wanda ya tashi a Rimaye, ko Kankiya, ko Kusada, da wuya a ce bai taɓa jin dattawa sun ambaci yaƙin Hitila ko yaƙin Bama ba. Amma a tambayi ɗan sakandare inda Bama take, da abin da ya kai kakanninsa can, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba a nuna masa ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, Turawan Ingila sun ɗebi samari daga ƙasar Hausa, suka zuba su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Waɗannan rundunoni ne suka gwabza da Japanawa a dazuzzukan Bama, har aka ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har can ya gano su. Waɗannan mazaje kusan duk sun kwanta dama. Abin da ya rage su ne minda, da takardar sallama, da hoto guda a ƙasan adaka, inda gara ke cinsu sannu a hankali.

Sojojin yaƙin basasa, na 1967 zuwa 1970, suna nan da sauransu. Sai dai wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin, yau yana bakin tamanin. Abin da ke hana ni sukuni ke nan.

A Ingila akwai asusun National Lottery Heritage Fund, wanda tun 1994 yake bai wa ƙananan ƙungiyoyi tallafi su tattara tarihin garuruwansu. Ƙungiya ta rubuto abin da za ta yi, da kuɗin da zai ci, da waɗanda za su amfana. In an ba ta, ta kawo lissafi. Daga caca kuɗinsu ke fitowa, wannan kuwa ba hanyarmu ba ce, amma tsarin abin koyi ne.

Mu a nan, gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia. Gidan tarihin Katsina kuwa yana ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, a cikin birni. Yaron Rimaye nawa ne zai taka ɗaya daga ciki?

Aikin ba ya bukatar sabon gini. Aji ɗaya a makaranta ya isa. Malaman tarihi su ɗauki ɗalibai da waya mai ɗaukar murya, su bi gida gida da izinin dagaci, su zauna gaban tsofaffin sojoji da matansu, domin matan da aka bari da 'ya'ya su ma sun ga yaƙi. A ɗauki hoton kayan, a rubuta bayani da Hausa, a mayar wa iyali abinsu. Kuɗin mota ne, da na wanke hoto, da ɗan alheri ga masu aikin.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Kankiya, Kusada da Ingawa, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su ware wannan ɗan tallafi bana. Ranar 15 ga Janairu mai zuwa, ranar tunawa da mazan jiya, a buɗe baje kolin a Rimaye, tsofaffin na zaune a sahun gaba.