Daga Safo zuwa tabkin Madarunfa

'Yan kasuwarmu na ratsa Safo kullum da kaya, amma kaɗan ne ke tsayawa su duba abin da ke gefen hanya. Alhali ƙasar nan cike take da tarihi.

Maraɗi kanta Katsinawa ne suka mai da ita mazaunin sarautarsu, bayan jihadin 1804 ya raba su da birnin Katsina. A cikin fadamar Gulbi tsohon garin yake, har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu. Gobirawa kuwa suna can Tibiri.

Ni dai inda ya fi kwanta mini a rai shi ne tabkin Madarunfa. Da sassafe masunta ke fitowa da tarwaɗa da karfasa, mata na jiran su a bakin ruwa da kwanoni, ana ciniki tun kafin kwalekwale ya tsaya. Kewayen tabkin akwai kaburburan da mutanen garin ke cewa na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyara har daga Najeriya. A 2019 aka sa tabkin cikin dausayoyin duniya da ake karewa. Sai dai yashi na cike shi, kuma in ruwa ya ja baya, mai soya kifi ce ke fara ji a aljihunta.

Dajin Baban Rafi, mai ba Maraɗi itacen girki, 'yan bindiga sun sha fakewa cikinsa. Kada baƙo ya shiga sai ya tambayi mutanen wurin. A hanyar komowa, a biya Jiratawa a sayi zogale.