Gyaran Kwamfutar-Ciki Daga Nesa: Darasi Daga Kumbon Voyager 1

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake gano kurakuran ƙananan kwamfutocin da ke cikin na'urori tare da sauya manhajarsu ta hanyar sadarwa, ba tare da hannu ya taɓa su ba. An ɗauki gyaran kumbon Voyager 1 na shekarar 2024 a matsayin misali, domin nuna cewa irin wannan gyara yana yiwuwa ne idan an tanadi hanyarsa tun lokacin ƙira.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da kwamfutar-ciki a nan shi ne ƙaramar kwamfutar da aka dasa a cikin wata na'ura domin ta gudanar da aiki takamaimai, kamar wadda ke cikin mitar wutar lantarki ta kati ko injin mota. A ɗakin gwaji, injiniya kan jona ta da kwamfutarsa ta wata kafa ta musamman, irin su JTAG, ya tsayar da manhajar tana tsakiyar aiki, ya karanta abin da ke cikin ma'adanarta, sannan ya rubuta gyara. Wahalar takan taso ne bayan na'urar ta bar hannun maƙeranta, ta je inda zuwa wurinta ke da tsada ko ma ba ya yiwuwa.

2.0 Sharuɗɗan Gyara Daga Nesa

Sharuɗɗan guda uku ne. Na farko, na'urar ta iya turo abin da ke cikin ma'adanarta, domin likita ba ya ba da magani bai ga ciwo ba. Na biyu, ta iya karɓar sabuwar manhaja ta rubuta a wurin da aka umarce ta. Na uku, a sami mafita idan gyaran ya ɓaci. Saboda haka ne na'urorin zamani da yawa ke raba ma'adanarsu gida biyu: sabuwar manhaja ta sauka a ɗaya, tsohuwar tana ajiye a ɗayan. Idan sabuwar ta kasa tashi, sai na'urar ta koma wa tsohuwar da kanta.

3.0 Misalin Voyager 1

Hukumar NASA ta Amurka ta harba Voyager 1 ranar 5 ga Satumba, 1977. A ranar 14 ga Nuwamba, 2023, kumbon ya fara turo saƙonni marasa ma'ana, alhali yana nisan sama da kilomita biliyan 24, inda saƙon rediyo kan ɗauki sa'o'i 22 da rabi kafin ya isa. Wato kowace tambaya sai an jira amsarta kusan kwana biyu.

Kumbon bai daina karɓar umarni ba, kuma wannan ce kafar da injiniyoyin cibiyar JPL suka bi. A farkon Maris 2024 suka aika wani umarni da ya sa kwamfutar da ke harhaɗa bayanai ta turo dukkan abin da ke cikin ma'adanarta. Da suka kwatanta shi da yadda yake kafin matsalar, sai suka gano kusan kashi 3 cikin ɗari ya lalace, kuma lalacewar daga ƙwayar ma'adana guda ɗaya take. Tun da babu mai iya sauya ƙwayar, sai a ɗauke manhajar da ke cikinta. To amma babu wani gurbi guda da zai ɗauke ta gaba ɗaya. Don haka suka gutsuttsura ta, suka rarraba a guraben da suka rage, suka kuma gyara duk wani adireshi da ke nuni da tsohon wurinta. An aika kashin farko ranar 18 ga Afrilu, amsa mai ma'ana ta iso ranar 20 ga watan. Zuwa watan Yuni, na'urorin bincike huɗun da ke aiki duk sun dawo da turo bayanai.

4.0 Haɗarin Buɗaɗɗiyar Ƙofa

Ƙofar da mai gyara ke bi, ita ɓarawo ma zai bi. A shekarar 2015, masu bincike Charlie Miller da Chris Valasek sun kutsa cikin wata mota ƙirar Jeep Cherokee ta hanyar sadarwar wayar salula, suka sarrafa ta daga nesa, abin da ya sa kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara. Wannan ne dalilin da ake sanya wa sabuwar manhaja hatimin sirri, ta yadda na'ura ba za ta karɓi wadda ba daga maƙeranta ta fito ba.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ceton Voyager 1 ya rataya ne a kan tanadin da aka yi kusan shekaru 50 da suka wuce, na kwamfutar da ake iya karantawa a kuma sake rubuta ta daga ƙasa. Hausawa kan ce tun ranar gini, ranar zane. Duk mai sayen mitoci ko na'urorin sarrafa famfon ruwa domin ƙauyuka masu nisa, ya dace ya tambayi abu biyu kafin ya biya: ta wace hanya za a gyara su daga nesa, kuma mabuɗin wannan hanya yana hannun wa?