Wasan "Karɓi Ka Miƙa" da Amfaninsa Ga Ɗalibi

 Wasu iyaye sun tambaya: me ya kawo wasa cikin makarantar Islamiyya? Ga bayani.

A kowane aji akwai yaron da ya san amsa sarai, amma da Malam ya nuna shi sai bakinsa ya mutu. Ba daƙiƙi ba ne, tsoron dariya ne kawai. To a nan Garwa wannan shirun yana da tsada. A gida Hausa ko Fulatanci muke yi, a Islamiyya Larabci, a boko da asibiti da ofis kuma Faransanci. Wanda bai saba buɗe baki ba, ko takardar haihuwa zai karɓo sai ya nemi mai yi masa magana.

Ga yadda wasan yake. Ana raba aji rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, a haɗa masu ƙoƙari da masu rauni. Malam zai faɗi kalma da Larabci, misali "kitab". Na farko ya ce "littafi", ya miƙa wa na biyu ya ce "deftere" da Fulatanci, na uku ya kawo ta da Faransanci, na huɗu ya sa ta a jimla, na biyar ya rubuta a allo. In ɗaya ya kakare, 'yan rukuninsa suna da damar raɗa masa sau ɗaya, amma dole shi ne zai faɗa da bakinsa. Kowane zagaye ana sauya wuri, don haka babu mai ɓuya. Haka ma muke yi a muraja'a: wannan ya ja aya, na kusa da shi ya karɓa.

Dokoki biyu ne. Wanda ya yi wa wani dariya, rukuninsa ya rasa maki. Sannan makin na rukuni ne, ba na mutum ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga gwanin aji ya zauna yana koya wa na baya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin wasan ne ma muka gano cewa "coton" na Faransanci, wanda ke cikin sunan kamfanin auduga Sodecoton da ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, asalinsa "ƙuɗun" ne na Larabci. Ashe Larabcinmu ba baƙo ba ne a boko!

Tun 2022 aka kafa jami'a a Garwa. Ƙofa ta matso kusa, amma sai mai iya tambaya da bayar da amsa zai ci moriyarta, ko ɗan wane ne shi, ko daga wace unguwa ya fito.

Roƙonmu ga iyaye: in yaro ya dawo, a jefa masa kalma ɗaya a bakin tabarma, a saurare shi har ya gama, ko da ya yi kuskure.